Wanda Ya Yi wa Ƙyaure Kiɗa

Dunmara, Victoria
Fabrairu, 1988

Zuwa ga Fintan, ɗan ƙanena marigayi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da duk wanda kuke cin abinci tare a Fremantle ɗin nan, in akwai. Mu nan lafiya lau, sai ƙuguna na hagu da ya zama ɗan duba: in hadari zai taso daga teku, shi ke fara sani kafin rediyo. Dankali ya yi kyau bana. Ɗana Ambrose yana nan yadda ka bar shi, aiki ba hutu, fuska kullum a murtuke.

To, ba dankali ya sa na ɗauki biro ba. Ran Juma'a na shiga shagon mahauci, sai ga takarda manne a gilashi, wai wasu makaɗa daga yamma za su yi wasa ranar bikin cire dankali, a babban siton ƙungiyar manoma. Sunansu wai Tsatsa da Gishiri, sai ka ce haɗin maganin tari. Na sa tabarau don in yi dariya da kyau, sai na ga kunnuwa. Gemu ya cinye maka fuska, gashi har kafaɗa, amma kunnuwan gidan Dwyer ko a duhu na shafa su na san nawa ne. Ga kuma gogen kakanmu a ƙarƙashin haɓarka, wata waya tana reto daga gindinsa.

Yaran da suka gayyato ku kaset ɗinku kawai suka ji, ba su san kana ciki ba. Yanzu kowa ya sani. Kai kuwa za ka zo garin da aka yanke maka cibiya ba ka ce mini uffan ba, ni da na goya ka tun ranar da uwarka ta rasu ta bar ka a tsumma. Na gode, Allah ya saka.

Bari in gaya maka abin da ke ƙasa, kada ka zo a makance. Mutanen nan ba su manta ka huda gogen da ya hayo teku daga Clare, tushen gidanmu, a cikin kayan kakanmu ba, ka zura masa wayar lantarki, har ubanka Malachy ya ce kada ka ƙara taka masa ƙofa. Wannan ma da sauƙi, shekara goma sha biyu ta bi ta kai. Abin da ya tsaya musu a wuya jana'izar ce. Muka ajiye gawar ubanka muna jiranka har Fada, limamin coci, ya fara tsaki. Kowane mai goge a ƙasar nan ɗansa ke raka shi da kiɗa daga ƙofar gida zuwa coci. Malachy, wanda ya raka rabin mutanen maƙabartar nan, shi aka fitar shiru. Na san abin da ka rubuto daga baya, cewa saƙon da muka buga ya je mahaƙar ƙarfen da ka riga ka bari. Ni na yarda. Ambrose bai yarda ba, kuma shi ya ɗauki gaban akwatin.

Ran Lahadi a bayan coci na ji shi da kunnena yana gaya wa maza, "Ba wanda zai hana shi kaɗawa. Ya kaɗa abinsa. Mu dai mu je, mu zauna, mu harɗe hannu. Duk yaron da ya ɗaga ƙafa ya nemi gidan kwana." Ka san abin da ake nufi in an bar wa makaɗi fili fayau a Dunmara. Wanda aka yi wa haka ba ya ƙara dawowa, ko gawarsa.

Ni dai zan zo. Tun da aka binne Malachy ba a sauke ƙyauren kicin ba, bikin dankali biyu ke nan, har ƙafafuna ƙaiƙayi suke. Ai ka tuna: a cire ƙyauren a shimfiɗa shi a tsakar kicin, in hau da takalmina mai ƙusa, ubanka ya zauna a kan akwatin itace idonsa a ƙafata, don goge ke bin ƙafa, ba ƙafa ke bin goge ba. In an gama ya miƙo hannu ya sauko da ni, sannan shi da kansa ya mayar da ƙyauren, don wanda ya yi wa ƙyaure kiɗa shi ke rataye shi. Ban ce za a yi wannan a wasanku ba. Kallo kawai zan zo. Sai ka rubuto ka gaya mini me ake tararwa a irin wasan naku, me ake sawa, ko akwai kujeru, kada in je in yi ƙauyanci.

Gwaggonka,
Mena

Fremantle
Maris, 1988

Gwaggo Mena,

Na samu takardarki. Na karanta ta a tsaye a bakin tashar jiragen ruwa, na koma gida na sake karanta ta a zaune. Ina gaishe ki, ina gai da ƙugun. Lafiyata ƙalau. Ranakun aiki ina sauke kaya daga jirage, ƙarshen mako mu yi wasa. Wanda muke ci tare Tevita ne, mai gangarmu, mutumin tsibirin Tonga, shi kuwa in ya zauna gaban tukunya sai dai in ci labari. Ambrose ban ce ki gaishe shi ba.

Kin ce in gaya miki abin da za ki tarar, to ba zan rage miki komai ba. Kujeru babu. Abin sawa kuwa, duk abin da ba ki damu ya yage ba. Lasifikokinmu kowace ta fi firjinki tsawo, ƙararsu ba a kunne ake jin ta ba, a haƙarƙari. Mukan fara a hankali, sarewa ita kaɗai da muryar mace, waƙar mutumin da ya saci tunkiya aka ɗaure shi da sarƙa aka jefo shi ƙasar nan, har ki ce ai wannan irin namu ne. Daidai lokacin da tsofaffi suka fara laluben hankici, sai Tevita ya sauke sanduna, jita biyu su faɗo ciki kamar tarakta ta ɓarko ta rufi, ni kuma in sunkuci waƙar in ruga da ita.

Daga nan ba mai jin maganar wani. Mutane su sarƙe hannu su yi ta juyi, a yi karo, a faɗi, a ɗaga mutum, a ci gaba. Giyar da ke zuba a ƙasa ta fi wadda ke shiga ciki, kafin a yi nisa daɓen ya koma sulɓi. Wani ƙato da ba ki taɓa gani ba zai rungume ki yana kuka, wai ya tuna garin kakarsa, alhali ko a taswira bai san inda yake ba. Amshi kuwa kowa sai ya yi shi da iyakar maƙogwaronsa, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Akwai waƙar da muke zagin masu jiragen ruwa, akwai ta yajin aikin masu askin tumaki, akwai wadda muke taɓa Fada. In an tashi, kunnenki zai yi ta kukan gyare har Talata.

Ba wurinki ba ne, Gwaggo. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ki yi zamanki a gida, kada in ɗaga kai in hango ki a wurin.

Su Ambrose kuwa, su harɗe hannu har ya manne musu a ƙirji. Na yi wasa a mashayar mahaƙa inda ake gaisuwa da kwalba, ban gudu ba. Ba zan ba da haƙuri a kan saƙon da bai same ni ba. Ni ma ubana ne, a bakin wani direban babbar mota na ji mutuwarsa, ƙasa ta riga ta bushe a kansa, ba wanda ya tambaye ni yaya na ji. Ramin gogen kuma, da za a mayar da ni shekara sha tara, da na sake huda shi a daidai wurin. Baba so ya yi gogen ya tsufa a kicin yana yi wa mutum ashirin raɗa. Ni na fitar da shi, yau ga samarin da ba su taɓa jin sunan Clare ba suna rera waƙoƙin kakanninmu a kan babur. In wannan laifi ne, ban tuba ba.

Ba ni na zaɓi Dunmara ba, amma da aka ce ko a soke, ni na ce a bar shi. Ƙarshen wata za mu kama hanya a tsohuwar bas ɗinmu, mu ratsa dajin Nullarbor muna wasa a garuruwan hanya.

Ɗanki,
Fintan

Dunmara
Ƙarshen Maris, 1988

Fintan Dwyer,

Gaisuwa kaɗan, don ba ka ci mai yawa ba. Lafiyata lau, idona biyu garau, in ka ɗebe tabarau.

Ni ce makauniyar? Ni ce kada ka ɗaga kai ka hango? Na gane karatun. Kunyata kake ji. Ba ka son abokanka masu gashi su ga tsohuwa mai warin ƙasa da dankali, da hular coci, su ce au, wannan ce ta raine ka? Na zauna da takardar nan a cinya har shayina ya huce. Ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Lokacin da nake wanke maka gindi a bahon kicin ba ka ce ba wurina ba ne.

Kuma wai ni kake ba labarin hayaniya. Shekarar da aka gama yaƙi, a siton nan dai, mun yi rawa har katakon daɓe ya karye, mutum uku suka rufta, muka ci gaba da zagaya ramin suna ciki suna tafi. Giya a ƙasa? Na yi rawa a kan giyar da ta girme ka. Fada da kuke taɓawa kuwa, ubanka ya riga ku. "Akuya a Coci" da yake kaɗa mini kowace shekara, wa kake tsammani akuyar? Kun sa wa abu waya kun ɗauka ku kuka ƙirƙiro rashin kunya.

Da cewa na yi kallo zan zo. Na fasa. Da ƙyauren zan zo.

Na gaya wa Ambrose muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Mama, kanki ɗaya kuwa? Likita cewa ya yi ƙashin nan naki ya zama biskit."

Na ce, "Likitan ya taɓa ganin ina rawa?"

Ya ce, "To ni ba zan taɓa ƙyauren nan ba, motata ma ba za ta ɗauke shi ba. Don wannan ɗan iskan za ki karya kanki? Wanda ko kabarin ubansa bai sani ba?"

Na ce, "Wa ya roƙe ka? Ina da guduma, ina da baro. Kai ka je ka harɗe hannunka, ai sun sha aiki bana, hutu ne gare su."

Ya tashi ya fita ya doko ƙyauren har kofuna suka amsa. Na ɗaga murya na ce masa a hankali dai, ina da aiki da shi.

Kai da shi duk kanwar ja ce. Ɗaya zai ɓoye ni don kunya, ɗaya don tsoro, ba wanda ya tambaye ni. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan zauna a gida ina saƙa safa ana binne ɗan Malachy da ransa ba, ko da ɗan nan ba ya son ganina. Ka gaya wa mai gangar nan taka, ban taɓa bin ganga ba, ba kuwa da tsufana zan fara ba.

Mena

Ceduna, a kan hanya
Afrilu, 1988

Gwaggo,

Ɗan kati ne, ba wurin dogon zance. Ina fatan kina lafiya. Bas ta mutu mana sau biyu a daji, mu dai ba mu mutu ba. Har muka bar Fremantle ban ga amsarki ba. Ko dai kin ji maganata za ki zauna a gida, ko kin bi sahun Ambrose. In na farko ne, na gode. In na biyu ne, ba komai, an saba. Ba zan biyo gida ba, wanda ya ce kada in taka ƙofar ya tafi bai janye ba. Za mu kaɗa, mu loda kaya, mu wuce.

Fintan

Newcastle
Mayu, 1988

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in har kina karɓar gaisuwata. Na buga waya asibitin, wata nas ta ce an sa miki ƙarfe a ƙugun, kin farka, har kin ce shayinsu ruwan wanke-wanke ne. Da na ji haka na san da sauranki. Ni jikina lafiya.

Takardarki ta ƙarshen Maris sai yanzu ta iske ni. Ta isa Fremantle bayan mun tashi, mai gidan hayata ta aiko mini da ita. Kunyarki, Gwaggo? Ni? Abin da na ƙi shi ne ki tsaya ki ga ana wulaƙanta ni a garinmu, ko wani ƙato ya bangaje ki. Bakin ne bai iya faɗa ba, irin na gidanmu. Da na ga takardar nan a kan lokaci na san da zuwan ƙyauren, da na sa an goge daɓen, da tun farko a ƙasa zan tsaya kusa da ke.

Ke ƙafarki kike kallo, bari in gaya miki abin da na gani daga kan dandamali. La'asar ce, rana na shigowa ta ƙofar sito. Gari kaf ya zo, sun jeru a kan buhunan dankali a jikin bango, hannu a harɗe. Tsakiya fayau, in ban da wasu baƙi 'yan Melbourne da suka yi tsalle-tsallensu a waƙar farko, suka zubar da giya a fili, suka ga su kaɗai ne suka koma gefe. Ina ganin samari ƙafarsu na motsi a jikin buhu, idonsu a kan iyayensu. Waƙa uku muka yi, ba tafi, ba ihu, ko tari babu. Na sha jifa da kwalba a rayuwata, na rantse jifan ya fi sauƙi. Tevita ya leƙo ta bayan ganguna ya ce, "Ɗan'uwa, jana'izar wa muka zo?" Na ce, "Tawa. Buga."

Muna cikin ta huɗu sai hasken ƙofar ya toshe. Ƙyaure ne ke tafe da ƙafa biyu. Da ya iso tsakiya aka sauke shi ƙasa, sai ga Ambrose a ƙarƙashinsa, gumi sharkaf. Bai dube ni ba, ya koma bango ya harɗe hannu. Ke kuma a bayansa, da baƙar rigarki ta zuwa jana'iza, da takalmi mai ƙusa, auduga na leƙowa daga kunnuwanki. Kika miƙa wa matar mahauci sandarki kika hau. Mu kuwa muka riƙa sakin kiɗan ɗaya bayan ɗaya, sai Tevita kaɗai ya rage. Kika zare audugar kika nuna shi da yatsa kika ce, "Kai, mai gwangwanaye! Ajiye sandunan nan, manya za su yi magana." Mutumin da ba ya jin maganar kowa ya ce, "To, Kaka." Ya sauko da makirufonsa ya kwantar da shi a gefen ƙyauren.

Kika taka sau biyu, duk siton ya amsa, har tantabarun rufi suka tashi. Ni kuwa hannuna ya tafi shi kaɗai. Tun da na bar gida ban taɓa kaɗa "Akuya a Coci" ba, ban ma san tana nan ba. Idona a ƙafarki, in kin ja in ja, in kin saki in saki. Tevita ya shigo a bayanki a hankali, sannan jita. Matar mahauci ce ta fara, ta yar da sandarki ta finciko mijinta daga kan buhu, yana cewa, "Ke, an fa yi magana!" tana cewa, "Da wa?" Daga nan ba wanda ya iya tare kowa. Ban ga Ambrose ya yi rawa ba, amma na ga hannuwansa a sake.

Kika yi takun ƙarshe. Na san aikina. Na diro in miƙo miki hannu, tsawon wayar gogen ya ƙare, ta fizge ni baya kamar akuya a turke. Saura ƙiris in taɓa ki. Kika sauko ke kaɗai, a kan giyar baƙin nan, santsi ya kwashe ki. Makirufon yana nan a kunne, Gwaggo. Kowa ya ji ƙarar ƙashin, ni kuwa har yanzu ina jin ta.

A ƙofar asibiti Ambrose ya tare ni ya ce, "Ka bar ubanka ya tafi shiru, ka dawo ka karya wadda ta goya ka. Saura wa? Hau motarka." Na hau.

Baba ya yi gaskiya. Ranar da ya kore ni cewa ya yi wayar nan wata rana sai ta ɗaure ni. Na samu wani mai gyaran goge a nan, ya ce zai iya toshe ramin har ba a gane ba. In ya gama zan aiko da gogen gida ta jirgin ƙasa, a ajiye shi inda ya dace. Na gaya wa su Tevita su nemi wani.

Fintan

Dunmara
Yuni, 1988

Fintan, ɗana,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon ka ci. Na dawo gida. Ina tafiya da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, in tura shi in bi shi, ni da jaririn mai koyon tafiya ba bambanci. Likita ya ce rawa kuma sai a sama. Na ce masa na ji, can ma Malachy na jirana. Da ya fita na juya bango na yi kukana. Ciwon kuwa akwai shi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Yanzu ka buɗe kunnuwan nan naka, tunda Allah ya ba ka su da yawa. In ka bari mutumin nan ya toshe ramin gogen, kada ka zo jana'izata, kuma ni saƙona zai same ka. Shekara sittin ina rawa a kan ƙyauren nan, waɗanda suka taɓa jin ƙafata ba su wuce cikin kicin ba, rabinsu ma suna tauna. Ran nan har masu gasa tsiran alade a waje suka ji ni. Matar mahauci ta ce a ƙirjinta ta ji ni. Da gari ya tashi kuma, in ba don wayar ba, wa zai ji goge a cikin wannan dirin ƙafa? Ni na ji shi har ƙarshe, shi ya riƙe ni. Ubanka ƙanena ne, ina son abina, amma a kan wayar nan bai yi gaskiya ba, kuma na gaya masa tun yana da rai.

Maganar hannu kuma, wa ya ce maka hannunka nake jira? Duk shekarun nan, kafin ubanka ya ajiye goge ya gama nishi ya miƙe, na riga na sauka. Kama hannun nake daga baya don kada ya ji kunya. Na sauko ne don na saba saukowa. Ƙugun nawa ne, na kashe abina a inda nake so. Da ban karya shi a can ba, da a banɗaki zan karya shi, ba mai tafi. Kada ka kuskura ka ƙwace mini wannan ka mai da shi laifinka.

Ka san yadda ƙyauren ya isa sito? Ni na fitar da ƙusoshin da guduma, Allah ya taimake ni ya kife a kan baron da kansa. Na tura har gadar nan, numfashi ya ƙare, na zauna a gefen hanya. Sai ga Ambrose a a-kori-kurarsa. Ya tsaya ya ce, "Mama, don girman Allah!" Na ce, "Wuce abinka, kada ka makara wajen harɗe hannu." Ya zagi ƙyauren, ya zagi baron, ya zage ka har da gemunka, sannan ya ɗauka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi ma ya sani, bakinsa ne bai sani ba.

To ga halin da muke ciki. Washegarin bikin ya dawo da ƙyauren ya jingine shi a bangon kicin, yana nan har yau. Buhunan dankali ya ɗinke ya rataya a ƙofar. Ga tsakiyar sanyi, iskar teku na shigowa ta zauna da mu a tebur, kaji na shiga da fita, jiya wata ta yi ƙwai a kwandon burodi. Mahauci ya zo da kayan aiki zai rataya mana, Ambrose ya tare shi ya ce, "Ajiye. Kai ka yi masa kiɗa?" Fada ma ya zo ya ce tsohuwa za ta kamu da ciwon huhu, a bar wannan taurin kai. Ambrose ya ce, "Fada, ka ji da ƙofar cocinka." Bargo uku nake rufa, kuma akwai na huɗu a akwati.

Kada ka kawo mini zancen abin da ubanka ya ce. Gidan nan yanzu ko kaza ba ya hanawa shiga.

Ga Ambrose nan tsaye a kaina, wai in bar masa wuri a ƙasa.

Gwaggonka,
Mena

Fintan. Abin da na faɗa a asibiti, tsoro ne ya faɗe shi. Maganar jana'izar Kawu kuwa tana nan, za mu yi ta ido da ido, ba a takarda ba. Amma ƙyauren nan ba aikina ba ne, kai ka yi masa kiɗa. Yana da nauyi, ni na sani, zan riƙe maka ƙasan ka sa ƙusoshin. Ka yi sauri. Mama ta fara tari, ta ce kada in gaya maka. Ka taho da gogen yadda yake.

Ambrose